Shanu Tara a Cikin Takardar Nasara

Kafin in ci gaba, bari in jira waɗanda suka same mu a tsakiyar hanya, don kada su zauna suna tambayar wace ce wannan mai yi wa takarda kuka. Sunana Zalihatu 'yar Gado. Rugarmu tana gabas da Dogon Dutsi, inda gawo ya yi yawa kafin a gangara fadama. Inna ta rasu ina da shekara tara, Goggo Habsatu ƙanwar Baba ce ta ƙarasa rainona, kuma har yau ba ta gaji da tuna mini ba. Wanda nake so sunansa Ja'afaru, komi ne, wato malamin ofis, a bariki, a biron da ake ajiye kuɗin gwamnati. Na daɗe ina kai masa man shanu kafin ya iya buɗe baki ya ce mini wani abu ban da "nawa ne?"

Ni ban iya karatu ba, shi kuma aiki ba ya barinsa zuwa ruga, sai muka yi tamu dabarar. In ya maido mini da ƙwaryar mai, nakan ɗaga faifai in duba. Farin goro, labari mai daɗi ne, in same shi gindin tsamiyar bakin tafki da la'asar. Jan goro kuwa, in yi haƙuri, ba yanzu ba. Goggo ta cinye saƙonni da yawa, ina zaton ba ta san abin da take taunawa ba.

Abin da Inna ta bar mini karsana ce guda, baƙa mai farin goshi, muna kiranta Ƙyalla. Allah ya sa mata albarka, ita da 'ya'yanta da jikokinta suka kai tara. A wurinmu waɗannan su ne shanun da mace take tafiya da su gidan miji. Su ne nononta, su ne zanenta, su ne bakinta ranar da aka ɓata mata rai. Sai ga yaƙin Nasara ya zo. Gardi, dogaran Nasara, suka riƙa shiga ruga suna nuna saniya da sanda, wai abincin soja, a biya ka abin da bai kai kuɗin tunkiya ba. A wannan shekarar ne Ja'afaru ya zo ya durƙusa gaban Baba, da farar rigarsa mai guga da wandon kaki, ya tuɓe takalmansa tun daga bakin garke.

"Baba, gwamnati na biɗar rance na wata shidda," in ji shi. "Bon aka ce mishi. Ka ba ta kuɗɗi, ta ba ka takarda. Wata shidda na cika ta maido maka kuɗɗinka da ƙari. Takarda ba ta ciwo, ba a yi mata jangali, gardi ba shi nuna ta da sanda."

"Ƙari bisa rance riba ta," in ji Baba. "Ba ni cin riba."

Ja'afaru ya murza hularsa. Can ya ɗago ya ce, "To habbanaye fa, Baba?"

Wanda ba makiyayi ba, ga abin da habbanaye take nufi. In ɗan'uwanka ya rasa shanu, sai ka ba shi aron karsana. Ya sha nono, ya riƙe maruƙan da ta haifa, daga baya ya maido maka uwar, sau da yawa da ciki. Ba a dukanta. In ta mutu a hannunsa, ya yanko wutsiyar ya kawo maka, ka ce Allah ya mayar da alheri, magana ta ƙare, babu bashi. Abu ɗaya ne ba a yi: ba a sayar da ita, ko yunwa za ta kashe gidan. Wanda ya sayar da habbanaye ba a kai shi ƙara ko'ina, sai dai ya wayi gari babu mai ba shi aro, babu mai ba shi 'ya. Ja'afaru ɗan gari ne, ya tsinci kalmar ne a bakin masu kawo jangali biro, kuma ya yi murna da ita ƙwarai.

"Gwamnati ta shiga wahala, kamar wanda garkenai ya mutu," in ji shi. "Ka ba ta aro, ta sha nono, ta maido maka saniya da ciki. Ƙarin ga shi na cikin."

Baba ya daɗe yana tsefe gemu. "Ni ban san Nasara ba," ya ce. "Kai nis sani. In na ba da, kai nib ba." Sannan ya juyo wajena inda nake laɓe bayan bukka, domin ya san ina nan. "Zalihatu, shanunki na. Mi kinka ce?"

Me kuke so in ce? Mutumin da nake so yana durƙushe, zufa tana ɗiga daga haɓarsa, gardi kuma sun riga sun ɗauke bijimai biyu a rugar maƙwabta. Na ce a ba shi. Baba ya ce to, ranar da habbanaye ta dawo, ranar za a sa ranar aure, kuma ya rantse a kai.

A kasuwar Kore Mairuwa aka sayar da su. Wani falke mai suna Sallau, mai kai shanu ƙasar Ingilishi da ke ƙetaren iyaka, shi ya saye su duka tara a kan kuɗi jikka takwas. Mutum ne gajere mai rawani babba, yana magana a hankali kamar ba ya son kuɗi. Ban je ba, amma Baba ya ce sai da aka sa wa Ƙyalla igiya biyu. Ja'afaru ya zuba kuɗin a biro, ya haɗa da nasa ɗan abin da ya tara na sadaki, aka ba shi takardu biyu masu zane shuɗi. Ya nuna mini su. Babu sunan kowa a jiki, wanda ke riƙe da su shi ke da su. Na shinshina, ba su da ƙanshin komai.

Da wata shida suka cika, na yi sabon kitso, na jira. Na ɗaga faifai, jan goro. Wai an ce a ƙara wata shida, ƙarin kawai aka biya. Ƙarin nan da aka ce ciki ne na saniya, kallabi ɗaya ya saya mini, shi ma na akoko, domin yaƙi ya sa tufafi sun yi tsadar da mata a wasu ƙauyuka ba sa fita sai sun yi aron zane. Na ɗaura kallabin, Goggo ta dube ni ta ce, "A gaishe ki da maraƙi bisa kai."

To, a nan muka tsaya. Yanzu ga abin da ya faru da wata shida na biyu suka cika.

Ranar na tashi tun hantsi bai yi ba na gama tatsar shanun Baba. Wurin da nake ɗaure maruƙana a dangwali yana nan babu komai, na hana a sa na wani. Ina kaɗa nono a gora Goggo ta zo ta zauna a bakin gadon kara, tana gyara jeren ƙoran da Inna ta bari, waɗanda aka ce su ne kayan ɗakina. Tana goge su da toka duk mako, ba don sun yi datti ba, don in gani.

"Ƙoran ga sun gaji da jira," ta ce. "Sa'o'inki kowace da goyo."

"Yau za a biya, Goggo."

"Haka kinka ce wancan karo."

"Wancan karo daban."

"Zalihatu, ni ban ƙi yaron ga ba. Shina da kunya, shina gaisuwa. Amma mutum da ke wanke hannu in ya taɓa saniya, shi kinka ba garke. Yanzu in an tambaye ni mi ɗiyata za ta kai gidan miji, in ce mi? In ce takarda? Mu jera ta bisa ƙorai?"

Ban amsa ba. In na amsa kuka zai biyo, kuma Goggo tana ɗaukar kuka a matsayin ta yi nasara. Na ɗaura baƙin zanena na saƙi, wanda rini ya fara saki a gefe, na sa 'yan kunnen azurfa na Inna da awarwaro biyu, na shafa kwalli, na ɗora kallabin nan na akoko. Na ɗauki ƙwaryar mai a matsayin dalilin fita, na nufi gari.

Ban taɓa tsayawa a gaban biro ba sai ranar. Na zaci mu kaɗai ne, ashe muna da yawa. Ga tsofaffin sojoji da lambobinsu a ƙirji, ga masu gari daga Gesheme da Tibiri da dawakansu a ɗaure, ga wata tsohuwa mai ƙosai da ta ɗaure takardarta a bakin zane da ƙulli uku. Kowa ya riƙe tasa yadda ake riƙe jariri. Ta taga na hango Ja'afaru a bayan tebur, kansa a ƙasa, yana rubutu. Na san rubutun Ja'afaru na gaske da na ɓuya, wannan na ɓuya ne.

Rana ta ɗaga kafin tafinta ya fito bakin baranda, Nasara mai kula da kuɗi yana tsaye a bayansa da takarda. Tafinta ya yi gyaran murya ya ce gwamnati ta gode wa masu ba da rance. Ya ce an ci yaƙi amma an kashe dukiya mai yawa. Ya ce saboda haka an haɗa duk takardun wata shida an mayar da su rance babba na shekara goma. Ya ce ƙarin da ake biya an rage shi, amma kuɗin kowa yana nan, ba a ci na kowa ba. Kowa ya kawo tsohuwar takarda a buga mata hatimi.

Babu wanda ya yi ihu. Gardi biyu suna tsaye da bulala, kuma kowa ya san su. Tsohuwar nan mai ƙosai ta ja hannuna ta ce, "Ɗiyata, goma mi yac ce? Wata?" Na ce mata shekara. Ta dubi hannuwanta, ta ce, "To wa za shi amsa?" Ta zauna a ƙasa a wurin.

A gindin wata bishiyar bedi, nesa kaɗan da idon gardi, na ga Sallau zaune a kan buzu, da jakar fata a cinyarsa. Mutane suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna durƙusawa. Yana karɓar takarda ya ba da kuɗi a hannu, kashi ɗaya cikin uku na abin da ke rubuce. Na ji yana ce wa wani tsohon soja, "Ni taimako nika yi. Ina da kanti a birni da ke amsar takardun ga jingina, ni ka iya jira. Kai kana iyawa?" Ya hango ni, ya gane ni, ya ce, "Ɗiyar Gado, saniyarki na gaishe ki. Ita kaɗai na riƙe, ita ka ja mini garke in za mu ƙetare iyaka." Na wuce abina.

Ban jira goro ba. Da la'asar na je gindin tsamiya na zauna, na san zai zo. Ya zo da tawada a hannun rigarsa, abin da ban taɓa gani a jikinsa ba. Ya zauna nesa da ni kamar baƙo.

"Ka sani tun jiya?" na ce.

"Tun shekaranjiya. Waya ta zo."

"Don mi sunka yi haka?"

Ya fara yi mini bayani, domin Ja'afaru in ya tsorata bayani yake yi. Wai gwamnati ta ci rancen wata shida a wurin mutane da yawa, a ƙasashe da yawa, duk sun cika a lokaci ɗaya, babu abin biya. Ta buga sababbin kuɗi ta zuba, shi ya sa kaya suka hau. Sauran kuma sai ta miƙe wa'adin ta rage ƙarin, don nauyin ya yi mata sauƙi. Wai haka ake yi ko a ƙasarsu.

"Saniya nawa ce yanzu a Kore Mairuwa?" na tambaye shi.

Ya shiga murza tawadar hannun rigarsa.

"Jikka ukku," na ce. "Baba ya hwaɗa mini. Ko yau sunka biya, shanu tara sun koma ba su kai ukku ba. Bayan shekara goma su koma mi? Kaji?"

"Kuɗɗin na nan, Zalihatu. An buga hatimi."

Na matso kusa da shi, abin da ban saba ba. "Ji nan, Ja'afaru. Tai ga Baba ka ce mishi habbanaye ta mutu. Aje takardar gabanai kamar wutsiya. Za shi ce Allah maida alheri, shi sa rana. In zo gidanka hannu wofi, ni na yarda. In ɗauko nonon wasu in saida, in kaɗa na wasu. Na yarda."

Na faɗi wannan ina jin kunyar Inna a kabarinta, amma na faɗa, kuma har zuciyata nake nufi. Ya dube ni idonsa ya yi ja.

"Ba ta mutu ba. Ƙaƙa zan ce ta mutu? Ni komi na. In anka ji na ce takardar gwamnati ta mutu, gobe ina gidan kaso. Kuma ƙarya ta, Zalihatu. Tana nan."

"To maido ta."

"Ba ni iyawa."

"Ba ta mutu ba, ba ta raye ba. To ni ina nike?"

Muka zauna muna kallon mata suna wanki a bakin tafki har aka kira magariba. Da zan tashi na gaya masa na ga Sallau, kuma Ƙyalla tana hannunsa har yanzu. Na faɗa ne kawai don zuciyata ta cika, ina son wani ya ji sunanta. Ya ɗago ya dube ni.

A gida Baba ya riga ya ji, labari ya riga ni. Yana zaune a kan tabarma yana tufka igiya. Bai yi faɗa ba, Baba ba ya faɗa, da ma yana yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce hadari ya fara haɗuwa a gabas, ruwan farko na sauka za mu tashi da shanu arewa, ta Dogon Kiriya, kafin manoma su yi shuka. Ya ce in gaya wa yaron, ko saniya ko wutsiya, wadda ya ga dama ya kawo kafin mu tashi, in ba haka ba aure ya jira ranar da Nasara ya biya. Goggo ta ce daga cikin bukka, "Shi kawo hatimi, mu dama hura da shi."

Kwanakin da suka biyo ba ni da abin da zan ba ku labari a kansu. Na kai mai, ƙwarya ta dawo babu goro ko ɗaya, ba fari ba ja. Na sake kaiwa, aka ce ya nemi izini ya yi tafiya. Na daina cin abinci yadda ya kamata, zanena ya fara zamewa daga ƙugu. Goggo ta daina yi mini baƙar magana, kuma wannan ya fi tsorata ni. Har na ji tana ce wa wata maƙwabciya ko iska ce ta taɓa ni, ko a kai ni wurin masu bori a cikin gari. Babu iskar da ta taɓa ni. Ina son mutum, kuma na ga hanyar da ke tsakaninmu tana rufewa, ban da abin da zan yi.

Ruwan farko ya sauka ranar wata Laraba da yamma. Washegari ƙasa tana ƙanshi, aka fara kwance bukkoki, ana ɗaure tabarmi. Ina durƙushe ina sa ƙoran Inna cikin raga, sai na ji kuka daga wajen gawo. Kukan saniya ne, amma na san shi a cikin dubu, yana da wata 'yar shaƙewa a ƙarshe. Ƙwarya ta suɓuce mini.

Ja'afaru ne tafe a ƙafa, farar rigarsa ta koma ja da laka, babu hula, takalmi ɗaya ya tsinke yana jansa. A hannunsa igiya, a bayansa Ƙyalla. Ta rame, haƙarƙarinta a fili, an tsaga mata kunne da alamar wani, amma ita ce. Ta fizge igiyar ta nufo wurin da turkenta yake a da, ba wanda ya nuna mata. Na rungume wuyanta, ta lashe mini kafaɗa, na yi kukan da na daɗe ina ɓoyewa. Har Goggo na ga ta sa bakin zane a ido. Jama'a, a wannan ɗan lokacin na yi aure a zuciyata, na jera ƙorai, na haihu, na raɗa suna.

Ja'afaru ya durƙusa gaban Baba yana haki, fuskarsa cike da murna kamar yaron da ya sauke allo. "Baba, ga ta. Uwar garke ta dawo. Sauran in Allah ya so in biya sannu sannu cikin albashina, ko shekara nawa za shi ɗauka."

Baba ya zagaya saniyar, ya shafa bayanta, ya buɗe bakinta ya duba haƙora. Sannan ya koma ya zauna.

"Nasara ya biya?" ya ce.

"A'a, Baba."

"To da mi kas saye ta?"

"Na tai ga Sallau. Na ba shi takardun, ta Zalihatu da tawa ta sadaki. Ya amsa kashi ɗaya cikin ukku, na ƙara agogona, yab ba ni ita."

Kafin ya rufe baki na gane: takardar ita ce habbanaye, kuma ya sayar da ita. Goggo ta sauke hannunta daga ido. Mazan ruga da suka taru suna murmushi suka fara duban ƙasa, ɗaya ya juya ya koma wajen jakinsa. Ja'afaru kaɗai ne bai gane ba, yana duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya yana jiran a ce masa sannu.

"Wa yac ce ka saida?" in ji Baba, a hankali.

"Ba kowa. Na ga lokaci ya ƙure, na ce gara in..."

"Ranar da kaz zo nan, kai kak kira ta habbanaye, ba ni ba. Na ce maka kai nib ba, ka amsa." Baba ya ajiye igiyar da yake tufka. "Da ka bar ta hannun Nasara, da na ce tana raye, in jira ka, ko shekara goma ce. Da ka kawo mini ita ka ce ta mutu, da na yahe, da yau anka sa rana. Hanya biyu na ba ka, kowace na kai ka ga ɗiyata. Kai ka saida abin da anka ba ka aro."

"Baba, don ita niy yi. Ban ci ko tamma ba."

"Na sani. Kai ba ɓarawo ba ne." Baba ya dubi mazan ruga. "Amma mutanen ga sun ji da kunnensu. In na ba ka ɗiya, gobe wa zai ba jikokina aron karsana? Allah shi ba ka wadda ta hi ta."

Na buɗe baki in ce bai sani ba, ɗan gari ne, babu wanda ya gaya masa. Baba ya ɗago ya dube ni, na ga shi ma ya san haka, kuma bai canza komai ba. Ja'afaru ya daɗe a durƙushe. Da ya tashi ya dube ni sau ɗaya, ya ɗauki tsinkakken takalminsa a hannu, ya kama hanyar gari. Ba shi da takarda, ba shi da sadaki, ba shi da agogo, kuma ban da ikon raka shi ko zuwa bakin garke.

Aka ci gaba da ɗaure kaya, domin shanu ba sa jiran mai baƙin ciki. Baba ya ce da asuba za mu tashi. Ni na zauna a gindin Ƙyalla, tsohuwar saniya guda wadda ban san ko za ta sake haihuwa ba, ita ce abin da ya rage daga tara. Na sa hannu zan kwance mata igiyar Sallau, sai na ji ƙulli a ƙarƙashin wuyanta, wani ɗan tsumma da aka yaga daga farar riga. Na kwance. Farin goro ne, babba, har yanzu da danshi, wato gindin tsamiya da la'asar. Tun a hanya ya ɗaura shi, lokacin da yake tafe yana murna.

Rana ta riga ta karkata, inuwar gawo ta fara miƙewa wajen gari. Na damƙe goron a hannuna, na ɗago, sai na ga Goggo tsaye a kaina tana kallon tsumman.

"Na daɗe da sanin goron ga," ta ce a hankali. "Ba yau nis sani ba." Ta waiga wajen Baba, ya ba mu baya yana ɗaure wa jaki kaya. Sannan ta ɗauko ƙwaryar mai ta ajiye a gabana, babu komai a cikinta. "In kin tai, kada ki ce na gani. In ba ki dawo ba kahin ya juyo, ni ma ba ni da ɗiya."

La'asar ta yi, Baba bai juyo ba tukuna, ni kuma ina zaune da hannu ɗaya a wuyan Ƙyalla, ɗayan a bakin ƙwarya.